Ƙwallo Sana'a Ce Ko Wasa? Tarihin Yawon Musa Ma'azu da Amsar da Na Ba Wani Uba a Madawa

A ƙarshen damanar da ta wuce, wani dattijo manomin albasa ya same ni a ƙofar gida nan Madawa bayan sallar la'asar. Ɗansa ya yi aji shida a hannuna, yanzu yana kwaleji, shekararsa 15. Da muka gama gaisawa, sai ya gyara zama a kan tabarma ya ce: "Mushe, kai ka yi boko, kuma ka san yaron nan. Gaya mini tsakaninka da Allah, ƙwallon nan sana'a ce ko wasa ne?"

Ashe wani baƙo ne ya ga yaron a fili lokacin gasar babban hutu, ya ce yana da hanyar kai shi Turai, amma sai an biya kuɗin fasfo da biza da jirgi da na gwaji. Kuɗin da ya yanka sun kai abin da dattijon ke samu a albasar shekara guda.

Na ce: "Baba, ba ni kwana biyu." A kwanakin nan na zauna na bi tarihin ɗan wasan da kowane ɗan Nijar ya sani, Musa Ma'azu, wanda jaridu ke rubuta sunansa Moussa Maâzou, na kwatanta shi da na wasu 'yan wasan Ingila biyu. Abin da na gaya wa dattijon shi ne zan shimfiɗa a nan, domin tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk malamin da ya taɓa tambayar 'yan ajinsa abin da suke so su zama, ya san amsar da maza suka fi bayarwa a yau.

Ranar da Mena ta ka da Masar

Ranar Lahadi 10 ga Oktoba 2010 ina koyarwa a Buza. Muka cika gidan kallo, janareta na ruri, yara sun hau katanga. Masar ce ta zo Yamai, a filin wasa na Janar Seyni Kountché, kuma ba ƙaramar Masar ba: ita ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Mu kuwa Mena ba ta taɓa leƙa gasar ba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Ma'azu ya jefa ƙwallo a raga, aka tashi 1 da 0. A daren nan har tsofaffin da ke yi mana faɗan kallon ƙwallo sai da suka tambayi sunan yaron.

Mena ta cinye wasanninta uku na gida, ta sha kashi a uku na waje. A watan Satumba 2011 ta doke Afirka ta Kudu 2 da 1 a Yamai, Ma'azu ya sake ci. Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, Masar ta zuba mana 3 a Alƙahira, ita kuma Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo, 'yan wasanta suka hau rawa a fili suna zaton yawan ƙwallaye ya kai su. Ba su karanta ƙa'idar gasar ba. Ƙasashe uku sun yi kunnen doki da maki 9, kuma doka ta ce a duba wasannin da suka yi a tsakaninsu. A nan Nijar na da 6, sauran biyun na da 5 kowacce. Har yau nakan ba ɗalibaina wannan labari kafin jarrabawa: a karanta tambaya kafin a ɗauki alƙalami.

Haka Mena ta je kofin Afirka na 2012 a Gabon da Ikwatoriyal Gini, aka zaɓi mai horar da ita, Harouna Doula, gwarzon mai horarwa na Afirka na 2011. Ta sake zuwa a 2013 a Afirka ta Kudu, inda ta samu makinta na farko a canjaras da Kwango Kinshasa. Wannan shi ne Ma'azun da muka sani, kuma babu mai ƙwace masa wannan girma. Amma rigar Mena sau kaɗan ake sa ta a shekara. Abincin ɗan wasa yana wurin kulob, kuma wannan ɓangaren tarihin ne yaranmu ba su sani ba.

Hawa

An haifi Ma'azu a Yamai ranar 25 ga Agusta 1988. Ya yi suna a AS FAN, ƙungiyar sojojin Nijar. A farkon 2008 ya tafi Lokeren, wata matsakaiciyar ƙungiya a Beljiyam. Ga tsawo, ga gudu, ga ci. Cikin shekara guda sai CSKA ta birnin Mosko, wadda ta ɗauki kofin UEFA a 2005, ta saye shi a farkon 2009 a kan kimanin yuro miliyan 4.8. Idan aka juya a kan sefa 656 kowane yuro, ya haura biliyan 3 na kuɗinmu. Shekararsa 20.

A nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. Waɗannan kuɗi ba aljihun ɗan wasa suke shiga ba. Kulob ne ke biyan kulob. Shi ɗan wasa albashinsa yake ci, na tsawon shekarun da aka rubuta a kwantiraginsa, kuma daga ranar da aka saye shi da tsada, duk wasan da bai ci ba sai an tuna masa farashinsa.

A Mosko ya tarar da manyan 'yan gaba irin su Vágner Love, ga sanyi, ga baƙon harshe. A cikin shekarar 2009 kaɗai masu horarwa uku suka riƙe ƙungiyar: Zico, Juande Ramos, da Leonid Slutsky. Kowa ya zo da nasa tsari da nasa mutane. Yaron da ke bukatar shekara biyu a hannun malami ɗaya ya tsinci kansa a aji mai sauya malami duk wata uku. Mu malamai mun san abin da hakan ke haifarwa.

Yawo

A watan Janairu 2010 aka ba Monaco aronsa. Aro a ƙwallo kamar ba da jaki haya ne: mai shi na nan, wani ke mora na ɗan lokaci. A Monaco tauraronsa ya sake haskawa, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Lens a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Faransa, ko da yake PSG ta doke su 1 da 0 a wasan ƙarshe. Daga nan aka ba Bordeaux aronsa, ƙungiyar da ta ci gasar Faransa a 2009. Can ƙwallo ta ƙi shiga. Ku lura, a daidai wannan lokaci ne ya ka da Masar. Ranar da muke ɗaukarsa a kafaɗa a Yamai, a Faransa jaridu na ƙorafi a kansa. A farkon 2011 ya koma Monaco, sai rauni a gwiwa ya zaunar da shi watanni.

Abin da ya biyo baya sai dai a jero shi kamar tashoshin mota. Zulte Waregem a Beljiyam a 2011. Le Mans a rukuni na biyu na Faransa a 2012. Étoile du Sahel ta birnin Susa a Tunisiya. Vitória Guimarães a Fotugal a 2013. Marítimo a tsibirin Madera a 2014, inda ya sake farfaɗowa har ya shiga sahun masu yawan ƙwallaye a rabin farko na kakar. Wannan ya sa Changchun Yatai ta ƙasar Sin ta ɗauke shi a 2015. Sai Randers a Danmak a 2016, sai Ajaccio da Lens a rukuni na biyu na Faransa, sai Ohod ta Madina a Saudiyya a 2019, sai wata ƙaramar ƙungiya a Isra'ila, sai Jeunesse Esch a Luksambur a 2021.

Ƙungiyoyi sama da 15, ƙasashen waje 10, cikin shekaru 13. Da wuya ya cika shekara biyu a jere a wuri ɗaya. Kowace tasha sabon gida, sabon harshe, sabon mai horarwa da za a gamsar, da kwantiragin da ke ƙarewa kafin a gama sabo da unguwa.

Su ma ƙungiyoyin ba duwatsu ba ne. Le Mans ta karye a 2013, aka mayar da ita can ƙasa cikin 'yan sha'awa. Lokeren, wadda ta buɗe masa ƙofar Turai, ta talauce aka rufe ta a 2020. Bordeaux mai kofuna ta faɗa mataki na huɗu a 2024 saboda bashi. Duk sanda kulob ya faɗi haka, akwai 'yan wasa masu mata da 'ya'ya da suka wayi gari ba aiki.

Ba don in rage darajar Ma'azu na kawo wannan ba. Akasin haka. Mutumin da ya ci abinci da ƙafarsa shekara goma sha a nahiyoyi uku, yana faɗuwa yana tashi, jarumi ne. Abin da nake so mu gane shi ne: idan wannan ita ce rayuwar wanda ya fi kowa a zamaninsa a ƙasarmu, yaya ta na baya gare shi?

Tsanin Ingila

Yaranmu gasar Firimiya suke kallo, suna zaton ita ce ƙwallon Ingila. Ƙungiyoyi 20 ne kawai a cikinta. A ƙarƙashinta akwai rukuni uku masu ƙungiyoyi 24 kowanne, jimla 92. A ƙasan su kuma akwai matakai da yawa har zuwa ƙungiyoyin ƙauye, duk a haɗe: wanda ya ci ya hau, wanda ya gaza ya sauka. Tun 1888 aka fara gina wannan tsani.

Jamie Vardy ya girmi Ma'azu da shekara ɗaya da 'yan watanni, an haife shi a Janairu 1987. Yana shekara 16 Sheffield Wednesday ta sallame shi. Ya koma Stocksbridge Park Steels, can a mataki na 8, yana karɓar fam 30 a mako, abin da bai kai jika 30 ba, da rana kuma yana aiki a masana'antar kayan ɗaurin karaya. A watan da aka sayi Ma'azu da biliyoyi, Vardy na can yana tashi da asuba zuwa aiki. A 2010 ya hau zuwa Halifax, a 2011 zuwa Fleetwood a mataki na 5, inda ya ci ƙwallo 31. A 2012 Leicester ta saye shi fam miliyan 1 yana da shekara 25. A 2016, shekarar da Ma'azu ke Randers, Vardy ya ɗaga kofin Firimiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma kada a ruɗi yaro da Vardy, irinsa ɗaya ne a cikin dubbai. Wanda ya fi kama da talakan ɗan wasa shi ne Adebayo Akinfenwa, haifaffen Landan a 1982, ɗan asalin Najeriya. Ya fara a Lituwaniya, ya bi ta Barry Town, Torquay, Swansea, Northampton, Gillingham, AFC Wimbledon, da Wycombe, da wasu da dama. Ya karye a ƙafa a 2007, ya warke ya ci gaba. A 2016 ya ci ƙwallo a filin Wembley a wasan da ya ɗaga Wimbledon zuwa rukuni na gaba, kuma a wannan rana ya shaida wa 'yan jarida cewa kwantiraginsa ya ƙare, masu horarwa su neme shi ta WhatsApp. Ya ajiye takalmi a 2022 yana da shekara 40, bai taɓa buga Firimiya ba.

Abin da ya haɗa Vardy da Akinfenwa shi ne tsanin. Wanda aka kora yana da matakin da zai faɗa a kai, a cikin ƙasarsa, kusa da iyayensa, yana sana'a da rana yana atisaye da yamma. Yaron da kulob ya ɗauka yana shekara 16 dole ya ci gaba da karatu na shekara biyu. Ƙungiyar 'yan wasansu, PFA, wadda aka kafa tun 1907, tana tallafa wa wanda ke son koyon wata sana'a. Ko maƙwabtanmu suna da guntun tsani: Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars kafin ya tafi VVV-Venlo a Holan a 2010, ya shiga CSKA ɗin nan a 2012, ya zama abokin wasan Vardy a Leicester a 2016, kuma da ya rasa kulob a 2021 Pillars ya dawo.

Namu tsanin

To mu fa? Manyan ƙungiyoyin ƙasarmu yawancinsu a Yamai suke, da yawa kuma na hukumomi ne: sojoji, jandarma, 'yan sanda, dwan, Nigelec, Sonidep. Sai tsiraru a Maraɗi da Damagaram da Arlit. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Yaron Keita ko Buza abin da yake da shi shi ne gasar unguwanni ta babban hutu: a tara kuɗi, a sayi kofi, a buga wata biyu, a watse. Babu lasisi, babu rajista, babu wanda ya rubuta ƙwallo nawa ya ci. Tsakanin wannan fili mai tsakuwa da akwatin talabijin babu mataki ko ɗaya. A cikin wannan rami ne mayaudara ke kafa shago.

Ba baiwa muka rasa ba. 'Yan ƙasa da shekara 17 na Nijar sun je kofin duniya a Indiya a 2017 har suka tsallake zagayen farko. A farkon 2023 'yan wasanmu na cikin gida sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN a Aljeriya. Matakan ƙasa ne babu.

Akwai dokokin FIFA biyu da ya kamata kowane uba ya sani. Ta farko: an hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga ƙasarsa zuwa kulob na wata ƙasa, in ban da 'yan dalilai kaɗan, kamar iyayensa su ƙaura can don wani abin da ba ƙwallo ba. Saboda haka wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 daga Madawa zuwa kulob a Turai, ko dai bai san doka ba, ko kuma ya san ku ba ku sani ba. Ta biyu: idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A ciniki irin na yuro miliyan 4.8, wannan kason ya kai yuro 240,000, sama da miliyan 150 na sefa. Amma sai ƙungiyar da ke da rajista, wadda ta yi wa yaro lasisi da takardar haihuwarsa ta gaskiya. Mu da muke fama kowace shekara da 'yan aji shida marasa takardar haihuwa, mun san inda gizo ke saƙar.

Amsar da na bayar

Da dattijon ya dawo, na karanta masa jerin tashoshin Ma'azu ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ashe cin rani ne." Wallahi bai yi kuskure ba, kuma ya fi ni iya faɗa. Mu mutanen Adar babu wanda zai koya mana tafiya biɗa. Kakanninmu da iyayenmu sun je Abijan, Kano, Legas, Libiya. Shi kansa ya yi shekaru yana zuwa. Na tambaye shi ƙa'idojin da mahaifinsa ya ba shi ranar tafiyarsa ta farko. Ya lissafa uku: ba a sayar da gona don a yi kuɗin mota, ba a tafiya sai an san mai masauki, kuma kowa ya tafi ya san ranar da zai dawo ya kama hauya.

Na ce: "Baba, ka ba kanka amsa." Gonar yaro ita ce karatunsa. Mai masauki shi ne kulob mai suna da adireshi da takardar gayyata, wanda hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, za ta iya tabbatarwa. Kulob na gaskiya da ke son yaro shi ke ɗaukar nauyin zuwansa. Ranar dawowa kuwa tana nan tafe ga kowane ɗan wasa, yawanci kafin ya cika 35, ga wanda gwiwa ta ci amana ma tun yana 22. Ƙwallo sana'a ce, amma sana'ar rani ce, gajera, kuma ba ta da fansho sai abin da mutum ya tanada.

Mu malamai kuma kada mu tsaya ga wa'azi. Zagin ƙwallo bai taɓa hana yaro bugawa ba, sai dai ya hana shi gaya mana sirrinsa ranar da baƙo ya yi masa alkawari. Mataki na farko na tsanin nan a hannunmu yake. Makarantun Madawa da Buza da Keita za su iya buga gasa tsakaninsu duk shekara, da littafin rajista, da sharaɗin cewa wanda ba ya zuwa aji ba zai sa riga ba. Masu shirya gasar hutu su yi wa ƙungiyoyinsu rajista a hukumar ƙwallo ta jihar Tawa. Iyaye su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa da shekarunsu na gaskiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar biliyan.

Dattijon ya kira baƙon a gabana, ya nemi sunan kulob da takardar gayyata. Mutumin ya ce zai turo gobe. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Yaron ya yi mako biyu ba ya gaishe ni, a ganinsa ni na tare masa hanya. Ban ga laifinsa ba, a shekarunsa ni ma da haka zan yi. Yanzu ya sauko. Da yamma ina hango shi a fili, har yanzu babu mai kamo shi a gudu, da safe kuma yana aji yana shirin jarrabawar BEPC. Na yi masa alkawarin idan ya samu, ni da kaina zan raka shi Tawa a gwada shi a wurin masu lasisi. Ko zai zama Ma'azu, ko Akinfenwa, ko mushe irina mai horar da 'yan makaranta ranar Asabar, wannan sanin na Allah ne. Albasar ubansa dai tana rumbu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su sana'a mai albarka.